Ashirin A Kumatun Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kada ta wuce ku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Wata shekara ce aka yi fari a dawa. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ciyawa ta ƙone, rumbuna suka zama wayam, kowa ka gani haƙarƙarinsa a waje.

Kura kuwa nata ya fi na kowa. Tarko ya kama mata ƙafar baya, ta fizge da ƙyar, ta koma ɗingishi. Ko Kunkuru ta biyo sai ya tsere mata. Tana nan kwance a bakin hanya, yunwa na cin ta, sai ga wani farke da jakinsa. Ta tattara sauran ƙarfinta ta yi kuka ɗaya. Farke ya watsar da kaya, ya haye jaki, ko waiwaye babu.

Kura ta ja ƙafa ta je ta duba. Ga taikin gyaɗa cike har baki, ga wata tsohuwar karta ƙunshe a tsumma, duk ta yi laushi don shan hannu. To, gyaɗa ba abincin Kura ba ce. Amma ta san gyaɗa abincin abincinta ce. Karta kuma ta iya ta, don ta daɗe tana laɓewa a bayan zango tana kallon fatake suna bugawa, tana jiran su yar da ƙashi.

Sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar raminta, ta sa aka yi shela: duk mai son gyaɗa ya zo a buga karta.

Aka ce, "Kura, mene ne sharaɗi?"

Ta ce, "Sharaɗi ɗaya ne. In ka ci ni, ka ci gyaɗa. In na ci ka, na ci ka."

Aka ce ba a yarda ba sai da alƙali. Aka naɗa Bushiya, don ita kaɗai ce Kura ba ta iya saka wa baki, saboda ƙaya. Bushiya ta ce za a ɗaura igiya a ƙugun mai wasa, a ɗaura ɗaya bakin a ƙafar Kura, kada wanda aka ci ya gudu. Wanda ya ci kuwa, ita da kanta za ta kwance shi. Kura ta rantse ta yarda, don ta san ranar da ta saɓa, babu mai sake zuwa, yunwa kuma ta ƙarasa ta.

Ga yadda wasan yake, ku saurara da kyau. Kowane kati da alamarsa da lambarsa: wani ƙwallo, wani tauraro, wani akwati. Ka sauke mai alama irin na ƙasa, ko mai lamba irin tasa. In ba ka da shi, ka tafi kasuwa, wato ka ja ɗaya daga tulin da ke gefe. Wanda ya riga ƙarar da katinsa ya ci. In ka sauke Biyu, abokin wasanka ya ja biyu, kuma ba shi da damar saukewa. Akwai kuma Ashirin, guda ɗaya tak a cikin kartar. Shi a kan kome yake hawa, wanda ya sauke shi kuma shi zai faɗi alamar da za a bi. In kuwa kasuwa ta ƙare ba wanda ya gama, wasa ya tsaya nan take, a haɗa lambobin hannun kowa, wanda nasa ya fi nauyi shi aka ci.

Gafiya ta zo, aka buga, aka ci ta. Zabo ya zo, aka buga, aka ci shi.

Duk abin nan Kurege na can saman wata tsamiya mai nisa yana leƙe. Ba ya jin abin da ake faɗa, amma yana gani. Ya ga da Ashirin Kura ta gama da Gafiya. Ya ga da Ashirin ta gama da Zabo. Ya dubi cikinsa da ya manne da baya, ya tuna taiki guda na gyaɗa, sai ya ce a ransa, "Ashe wasan nan duk Ashirin ne. Sauran tarkace ne, 'yan rakiya. Wanda ya riƙe Ashirin ya riƙe gyaɗa."

Sai ya sauko, ya kakkaɓe wutsiya, ya je ya durƙusa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na zo a buga."

Kura ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, ko loma biyu ba ka kai ba. To, da babu gara ba daɗi. Zauna."

Bushiya ta ɗaura masa igiya a ƙugu, ta ja ta ji ta kama. Ta ce, "Kurege, ka ji sharaɗi?"

Ya ce, "Na ji, Inna."

Ta ce, "Wanda aka kama da maguɗi, an ci shi nan take, ba sai an gama wasa ba. Ka ji wannan ma?"

Ya ce, "Na ji, Inna."

Al'adar wurin, baƙo ne ke cakuɗa karta. Kurege ya karɓa, ya juya, ya juya, sai ya saki, karta ta watse a tabarma. Ya ce, "Wayyo, ku yi haƙuri, hannun ne ƙarami." Ya sunkuya yana tsincewa. Idonsa ya faɗa kan Ashirin, ya ninke shi, wuf, ya tura a kumatu. Dabararsa ita ce, in wasa ya yi zafi, sai ya yi kamar ya je kasuwa, ya zaro shi ya haɗa da na hannunsa.

Bushiya ta raba. Aka fara.

Kura ta sauke, Bushiya ta ce, "Kura biyar, Kurege shida."

Kurege ya sauke, Bushiya ta ce, "Kura biyar, Kurege biyar."

Ashe duk saukewa, duk zuwa kasuwa, sai Bushiya ta ƙirga katin hannun kowa da ƙarfi. Daga saman tsamiya Kurege bai taɓa jin wannan ba. Ta yaya mai kati biyar zai wayi gari da shida, alhali ƙananan idanun nan suna kansa kamar an kafa su da ƙusa?

Ya ce a ransa, "Bari dai, za ta yi ƙifta."

Bushiya ba ta yi ƙifta ba.

Kura ta kalle shi ta ce, "Kai, me ya kumbura maka kunci?"

Kurege ya ce, "Haƙoyi ne, yanki ya daɗe. Haƙoyi ke ciwo."

Kura ta ce, "Ayya. Kada ka damu, an jima kaɗan zai daina."

Aka ci gaba. Ana saukewa, ana zuwa kasuwa. Ana saukewa, ana zuwa kasuwa. Kurege yana da Biyu guda biyu a hannu. Don rainin da ya yi musu, sai ya jefar da ɗaya tun da wuri, lokacin da hannun Kura ke cike. Kura ta ja biyu tana dariya, ta ce, "Ka ƙara wa kogi ruwa, ɗan nan. Yanzu kowace alama ina da ita." Ta shiga zubarwa ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta take. Ashirin ya fara jiƙa a kumatu, ɗacin fenti na gangarawa maƙogwaron Kurege. Yana son tofarwa babu hali, yana son haɗiyewa babu hali. Tari ya taso masa, ya danne shi har hawaye suka fito.

Kura kuwa duk sanda ta miƙa wuya ta ja daga kasuwa, sai ta leƙa katin, ta yi tsaki. Tana yi tana kallon cinyar Kurege, yawunta na ɗiga a tabarma, ɗis, ɗis, har a gefen kasuwar.

Can ta ce, "Wai ina Ashirin ɗina ya shiga yau? Kullum yakan zo mini da wuri."

Kurege ya sunkuyar da kai kan katinsa.

Ta ce, "Ko yana hannunka ne?"

Ya girgiza kai ya ce, "Ni? Ina na ga wannan ayziki?"

Ta ce, "To yana kasuwa. Babu inda zai je. Ƙafa gare shi?"

Bushiya ta ce, "In kasuwa ta ƙare za mu gan shi ai. In ba mu gan shi ba, sai a yi bincike." Ta faɗi haka ne ba tare da ta ɗauke ido daga kan Kurege ba.

Jama'a, ku ji yadda abu ke juyawa. Katin da Kurege ya sato don ya cece shi, ga shi ya zama garwashi a bakinsa. Bai isa ya sauke shi ba, bai isa ya ajiye shi ba. Kasuwa kuma sai raguwa take. Duk katin da aka ja, sai ya ji kamar igiyar ƙugunsa ce aka ƙara tamkewa. Ya dubi hagu, ƙaya. Ya dubi dama, haƙora. Ya taɓa ƙullin igiya a ɓoye, ya ji kamar dutse.

Ana saukewa, ana zuwa kasuwa. Ana saukewa, ana zuwa kasuwa. Har tulin ya zama fayau, saura kati ɗaya kwance a tabarma.

Sai Kura ta buga bakwai ta ƙwallo, ta ɗaga murya ta ce, "Saura ɗaya!"

Bushiya ta ce, "Kura ɗaya, Kurege uku."

Kura ta jawo wani dutse ta fara wasa haƙora a kai, ƙarr, ƙarr.

Kurege ya dubi hannunsa. Sha uku ta ƙwallo. Biyu ta ƙwallo. Biyar ta tauraro. Ya shiga auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce a ransa, "In sauke sha uku, in rage nauyi? To amma Kura ƙwallo ta buga, kuma ga ta tana wasa haƙori. Ba za ta yi wannan murna ba sai in na hannunta ma ƙwallo ne. Na sauke sha uku, ta ɗora nata, an gama da ni."

Kura ta ce, "Sauke mana. Cikina na kira."

Ya ce a ransa, "In fito da Ashirin, in ce a bi tauraro? Da ya toshe ta. Amma mai kati uku ya sauke ɗaya, ya rage da uku? Kafin in rufe baki Inna ta kama ni."

Kura ta ce, "Kai, barci kake?"

Ya ce a ransa, "Saura Biyu, ɗan banzan da na raina. In na sauke shi, bakin Kura ya rufu, dole ta je kasuwa. Amma kati ɗaya ne a kasuwar. Ta ja shi, kasuwa ta ƙare, a zo awo. Ni ina da sha uku da biyar, sha takwas ke nan. Ita wa ya san abin da za ta tashi da shi? Ko da na tsira a awo, za a ce ina Ashirin, a buɗe mini baki."

Ƙarr, ƙarr, dutse na kuka.

Sai wani abu ya faɗo masa a rai, har wutsiyarsa ta miƙe. Ashirin sarki ne muddin ana wasa. Amma in wasa ya tsaya yana hannunka fa? Duk kartar nan babu katin da ya kai shi nauyi. Ashirin ya fi sha takwas, ko da babu kome tare da shi. Ashe ba a hannunsa ya kamata katin nan ya kasance ba. A hannun Kura ya kamata.

Sai Kurege ya kifa katinsa a tabarma, ya fashe da kuka. Ya ce, "Wayyo ni! Yanki ya daɗe, ki ji tausayina! Ina da iyali!"

Ya zube a gaban Kura, ya yi rub da ciki, yana birgima, yana ɗiban ƙasa yana zubawa a ka. Ya birgima nan, ya birgima can, har fuskarsa ta kife daidai kan kasuwa. Ya turo Ashirin da harshe, ya warware shi da haɓa, ya cusa shi ƙarƙashin katin da ya rage. Kura na ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki, ba ta ga kome ba.

Bushiya ta ce, "Kurege, tashi. Nan wurin wasa ne, ba gidan makoki ba."

Ya tashi, ya cika kuncinsa da iska don kada a ga kumburi ya saɓe. Ya ɗauki katinsa yana shessheƙa. Ya zaro Biyu ta ƙwallo, ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Ja biyu, yanki ya daɗe."

Kura ta ce, "Jinkiri ne kawai ka saya." Ta miƙa hannu ta ja na farko, huɗu ta akwati, ta yi tsaki. Ta ja na biyu, ta leƙa, sai ta daka tsalle da ƙafa uku.

Ta ce, "Ashirin! Ɗana ya dawo! Na ce muku yana ƙasa!" Ta ɗaga shi za ta buga.

Bushiya ta ce, "Dakata. Wanda aka ce ya ja biyu ba ya saukewa. Kuma dubi tabarma. Kasuwa ta tashi."

Kura ta duba. Wayam.

Ta ce, "Amma ai Ashirin ne! A kan kome yake hawa!"

Bushiya ta ce, "Yanzu ma ya hau. A kanki ya hau. Kowa ya baje nasa."

Kurege ya baje, sha uku da biyar. Kura ta baje. Ga katin da ta yi ta wasa haƙori a kansa, uku ta ƙwallo, kamar yadda Kurege ya zata. Ga huɗu. Ga Ashirin a tsakiya, ya yi ɗare-ɗare.

Bushiya ta ce, "Kurege ya ci."

Kura ta sake ɗaukar Ashirin. Ta juya katin, ta shafa shi, ta kai hanci. Ta ce, "Tsaya. Me ya jiƙa katin nan sharkaf?"

Igiya kuwa har yanzu tana ƙugun Kurege. Amma bakin nan nasa bai mutu ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai yawunki ne. Tun da muka zauna kike dalala a kan kasuwa. Na ƙasa ai shi zai fi sha."

Kura ta dubi tabarma, ga laima nan ko'ina. Ta dubi Bushiya.

Bushiya ta ce, "Na ga yawunki na zuba, wannan gaskiya ne." Ta matso tana kwance wa Kurege igiya, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Na ji harshe ya miƙe. Haƙori ya warke ke nan."

Kurege ya yi kamar bai ji ba. Ya ja da baya inda hannun Kura ba zai kai ba, ya ce, "To, gyaɗata fa?"

Kura ta kwanta a bakin raminta, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Taka ce, ban hana ka ba. Tana can ƙuryar ɗaki. Shiga ka ɗauka."

Kurege ya dubi ramin, duhu ƙirin, ƙofa ɗaya, Kura a bakinta. Ya ce, "Inna, ki yi magana mana."

Bushiya ta ce, "Ni alƙaliyar karta ce, ba ta ƙofar gida ba."

Mai hankali da nan ya gode wa Allah ya tafi da ransa. Amma kwaɗayi ya riƙe wa Kurege ƙafa. Ya ja Bushiya gefe ya ce, "Inna, ki zauna ki buga da ita, ki ɗauke mata hankali. Ke ai ko ta ci ki ba ta iya cin ki. Ni zan haƙo rami ta baya."

Bushiya ta ce, "Da ladana?"

Ya ce, "Da ladanki."

Haka aka yi. Bushiya ta ce wa Kura, "Zo in koya miki inda kika yi kuskure." Kura na jin haushi, ta zauna. Suna saukewa suna zuwa kasuwa, Kurege na can yana haƙa. Duk sanda Kura ta yi tari sai ya daskare, ƙasa na zubo masa a ido. Ya haƙa, ya haƙa, har ya ɓullo ƙuryar ramin. Ya yi ta jido, ya yi ta jido, farcensa na jini, har ya kwashe gyaɗar tas, ya jawo taikin ma, ya sake cika shi a bayan wata geza.

Yana ɗaure bakin taiki sai ga Bushiya tana tafe, taƙas taƙas.

Kurege ya ce, "Inna, sannu da aiki. Nawa zan ɗibar miki?"

Ta ce, "Rabi, ladan riƙe Kura."

Ya ji zafi har ransa, amma ya ce, "To."

Ta ce, "Ɗaya rabin kuma, ladan riƙe bakina. Kasuwa mai kati ɗaya ta haihu a gabana, na kuwa ga ungozomar."

Kurege ya buɗe baki zai yi gardama. Bushiya ta juya fuskarta wajen ramin Kura, ta gyara murya, ta ja numfashi kamar mai shirin kira.

Kurege ya yi wuf ya ɗora taiki a ka. Ya ce, "Inna, wace hanya ce ta fi kusa da gidanki?"

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya fi na giwa saurin dahuwa. In za ka yi maguɗi a karta, ka fara koyon dako, don wuyanka zai buƙace shi.